Filin Lafiyar Yara: Kunu, Wasa da Zawon Haƙori

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga Zariya da kewaye suka zo. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin saboda amsa ta samu wuri.

Ɗana watansa 8, yana shan nono, ina kuma dama masa kamu sau uku a rana yana shanyewa tas. Amma sau biyu ke nan ana ɗora shi a sikeli nauyinsa bai motsa ba. An ce in sayo madarar gwangwani, ni kuwa ba ni da halinta. Yaya zan yi?
Wata uwa, Tudun Jukun

'Yar uwa, kafin ki kashe ko sisi, ɗebi kunun nan a cokali ki karkata. In ya tsiyaye kamar ruwa, to kin ga inda matsalar take. Cikin yaro ɗan wata 8 bai wuce ya ɗauki kofin shayi ɗaya ba, in kika cika masa shi da tsararon kunu ya ƙoshi da ruwa ke nan. Kamu kuma an tace shi, abin da ke gina jiki a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Kunun da ake so shi ne mai kaurin da zai tsaya a cokali, in kin karkata ya faɗo a dunƙule.

Ga garin da muke ba ki shawara ki haɗa. Da gwangwani ɗaya za ki yi awon duka: gwangwani 6 na hatsi (gero, dawa ko masara, ko ki gauraya su), 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Waken suyan ne mai aiki. Ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya shi a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, har ya yi ja-ja ƙarninsa ya fita. Ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narka abinci mai gina jiki, shi ne ke kawo kumburin ciki da zawo idan suyar ba ta kai ba, zafin wuta ne ke kashe shi. Gyaɗar ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi funfuna, ko ta yamushe, ko ta canza launi, ki zubar, domin tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe wannan gubar. Hatsin ma a wanke, a shanya, a ɗan soya sama-sama. In kin kai inji ki tabbatar ba barkono aka gama niƙawa ba. Ki adana a mazubi mai murfi, kuma ki riƙa yin na mako biyu ko uku kawai, don man gyaɗar yana sa gari ya juya in ya daɗe.

Wajen damu, ki kwaɓa cokali 3 na garin da ruwan sanyi, ki zuba cikin ruwan da ke tafasa, ki yi ta juyawa a kan wuta minti 5 zuwa 10. Kada ki sheƙa masa tafasasshen ruwa kawai irin na koko, wannan garin dafuwa yake so. In kin sauke ki sa ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa. Wannan ɗan man yana ƙara wa kunu ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba, manja kuma yana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Kullum ki ƙara masa abu ɗaya daga cikin waɗannan: dafaffen ƙwai da aka farfasa, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, 'yar hanta sau ɗaya ko biyu a mako, kabewa, dankali mai jan ciki, ko garin zogalen da aka shanya a inuwa. Dalili shi ne sinadarin ƙarfen da aka haifi yaro da shi yana ƙarewa wajen wata 6, nono kuma ba shi da shi da yawa, to a nan ƙarancin jini ke farawa. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata camfi ne, kuma camfin da ya cuci yara da yawa.

Awo kuwa, daga wata 6 zuwa 8 sau 2 zuwa 3 a rana, a fara da cokali 2 ko 3 a yi ta ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11 sau 3 zuwa 4, rabin kofi kowane ci. Daga shekara 1 zuwa 2 kusan kofi guda, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko gwanda. Ki ba shi a kwanonsa shi kaɗai da cokali don ki san abin da ya ci, ban da ɗura, ban da fida. Nono ki ci gaba da shi har shekara 2, shi ne madarar da yake buƙata, don haka ki kwantar da hankalinki game da ta gwangwani. Zuma sai ya cika shekara. Shayi kuma ba na jarirai ba ne, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Bayan mako biyu ki koma awo, ki ce a auna masa damtse da ɗan zaren nan mai launi uku. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani da ke buƙatar magani nan take, haka ma in ƙafafunsa biyu sun kumbura. In kuma kin yi wata guda a kan wannan tsari nauyin bai tashi ba, a binciki jikinsa. Cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau tana nan cikin birni, ga kuma asibitin koyarwa na Shika.

'Ya'yana biyu, ɗan shekara 4 da 'yar shekara 7. Daga sun dawo makaranta sai wayar uwarsu, in aka karɓe sai kuka da birgima. Gidan haya muke, tsakar gidan ƙarama ce, ina kuma tsoron barinsu a layi. Wasa nawa ya kamata su yi?
Wani magidanci, Samaru

Malam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da awo a kan wannan, na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2019. Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsi na awa 3 a wuni, a rarrabe, awa 1 daga ciki ya zama wasa mai sa haki. Kallo kada ya wuce awa 1, wanda bai kai shekara 2 ba kuwa ba a so a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam. 'Yar shekara 7 tana cikin rukunin 5 zuwa 17, su abin da ake so shi ne aƙalla minti 60 kullum na wasan da zai sa numfashi ya ɗaga, gumi ya tsatso. In kana son ganewa, yi mata magana tana cikin wasa, in ta amsa tana haki to wasan ya kai.

Wannan ba ya buƙatar fili. Igiya mai tsawon mita biyu ta isa tsalle, tsalle kuma yana ƙarfafa ƙashi fiye da yawancin wasanni domin ƙashin yaro yana ƙara ƙwari ne idan ana dira a kansa. Langa ana yinta a soro. Gaɗa, ɓuya, dokin kara, ƙwallon tsumma, gara taya, duk wasannin da iyayenmu suka bar mu muka yi ne, kuma kowanne yana koyar da wani abu: langa tsayuwa da ƙafa ɗaya, carafke haɗa ido da hannu. Minti 60 ɗin ma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. In makarantar Islamiyya ba ta da nisa kuma akwai babba mai rakiya, tafiyar minti 15 zuwa da 15 dawowa ta cinye rabi.

Abin da ya fi damunmu a Zariya shi ne jadawalin yaran kansa. Boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu har da lesin, magariba ta yi yaro bai yi gudu ko sau ɗaya ba. Ka nema musu rabin awa tabbatacce, ko kafin tafiya Islamiyya ko bayan tashi, ka kuma yi amfani da ranakun Alhamis da Juma'a in makarantarsu tana hutu a cikinsu. A watannin Maris da Afrilu a bari sai bayan la'asar, a ba su ruwa kafin su nema.

Wayar kuma kada ka yanke ta rana ɗaya. Ka sa mata lokaci guda sananne, ka gaya musu saura minti biyar kafin a karɓa, a karɓa kuma ko da an yi kuka. Za a yi 'yan kwanaki ana rigima, daga baya ta lafa. Abin da ke ɓata tsarin shi ne a hana yau, gobe a bayar don a samu shiru, nan yaro ke gane cewa kuka yana biya. Ku haɗa baki da uwargida da duk wani babba a gidan. Ban da waya lokacin cin abinci, ban da ita awa guda kafin barci, domin haskenta da ɗokin abin da ake kallo suna jinkirta barci. Ɗan shekara 4 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 har da na rana, yayarsa 9 zuwa 12. In ƙarfe 6 take tashi, ƙarfe 9 ta same ta tana barci.

Tsoronka na layi yana kan hanya, ga babura ga Keke Napep. Amma tsakar gida ma ka bi ta da ido: rijiya ta samu murfi mai kwaɗo, kada a bar bokiti ko baho cike da ruwa inda ƙaramin yaro yake, kalanzir da fetur kada a zuba su a gorar lemo.

Wani abu kuma, in an karɓe wayar amma yaro ya nemi wuri ya kwanta, ba ya sha'awar wasa, buɗe tafin hannunsa ka ja fatar ƙasan idonsa ka duba. In sun yi fari, a auna jininsa. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, rashin sinadarin ƙarfe da sikila su ne aka fi samu. Maganin tsutsa ana bayarwa daga shekara 1, duk wata 6 a inda take da yawa, kuma ɗigon bitamin A duk wata 6 har shekara 5.

Jikata watanta 10, tana zawo kwana biyu. Mu dai mun san zawon haƙori ne, yana wucewa da kansa, amma uwarta ta dage sai asibiti. Ku raba mu.
Wata kaka, Kwarbai

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka lura da shi gaskiya ne, zawo yana yawan zuwa lokacin fitar haƙori. Sai dai ba haƙorin ke kawo shi ba. A daidai wannan lokacin ne yaro ke rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, an kuma fara ba shi abinci da ruwa, ga kariyar da ya samo daga jikin uwa tana raguwa. Ƙwayoyin cuta ne, kuma abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne, wanda ke iya faruwa cikin wuni ɗaya.

A sayo ORS, wato garin gishiri da sukari da ake narkawa a ruwa, da ƙwayar zink yau. A karanta jikin ledar, in ta lita 1 ce a juye ta duka cikin ruwan leda biyu na fiya-wata, ko tafasasshen ruwa da ya huce daidai wannan awon. Kada a raba garin, kada a rage ruwan, don in gishirin ya yi yawa shi ma illa ne. Bayan kowane zawo a ba ta kwata zuwa rabin kofi, wato mililita 50 zuwa 100, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. In ta yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo. In dare ne ba a samu ba, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita 1.

Zink ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, a narka a cokali da ruwan nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabi ake ba shi. A nan ake yawan kuskure, zawo na tsayawa a kwana na uku sai a ajiye maganin, alhali sauran kwanakin ne ke gyara hanji su kuma rage dawowar zawon a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Nono da abinci kada a tsayar, in ta warke ma a ƙara mata ci ɗaya a rana har mako biyu. Ban da lemon kwalba, ban da maganin tsayar da zawo, Flagyl kuma sai likita ya rubuta.

Amma in idanunta sun zurma, ko maɗigarta ta faɗa, ko an ja fatar cikinta ta daɗe ba ta koma ba, ko ta kasa shan nono, ko tana amayar da komai, ko akwai jini a kashin, ko jikinta ya saki, to maganar uwarta za a bi yanzu-yanzu. Muna roƙonki kuma, Hajiya, ki tsaya tsayin daka kada a kai ta a tsaga dasashi ko a cire beli. Zubar jini da ciwon sarƙewar haƙora ake ɗaukowa a can.

Ɗana ya shekara 3, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, ba ya son gudu. An ce yawan goyo ne.
Wata uwa, Gyallesu

Malama, goyo ba ya lanƙwasa ƙafa. Ɗan lanƙwasa kafin shekara 2 abu ne da aka saba gani, yana miƙewa da kansa, wajen shekara 3 zuwa 4 ma wasu yaran sukan ɗan yi gwame ya wuce. Amma baka a shekara 3, tare da ƙin gudu, ya isa a yi zargin laushin ƙashi. Duba wuyan hannunsa ko ya yi kauri, ki shafa haƙarƙarinsa ko za ki ji ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi.

A ƙasashen sanyi rashin rana ke kawo wannan. A nan arewa binciken da aka yi a Jos ya nuna yawanci ƙarancin kalsiyam ne a abinci, yaron da aka yaye ya koma tuwon masara safe da dare ba nono ba kifi. Ki kai shi a ɗauki hoton ƙashi, za a ɗora shi a kan magani na watanni, kuma in an fara da wuri ƙafa tana miƙewa ba tare da tiyata ba. A gida ki ba shi kindirmo ko madarar shanu da aka tafasa, kofi ɗaya ko biyu kullum, da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙashinsu, riɗi, miyar kuka da zogale. Ya riƙa fita hantsi yana wasa. Kada a ɗaure ƙafar da kara ko a kai shi wajen mai ɗori, ba karaya ba ce.

Duk hunturu yarana ba sa rabuwa da tari da majina. Ina kulle su a ɗaki in sa garwashi, amma abin bai canza ba.
Wata uwa, Sabon Gari

Hajiya, fara fitar da garwashin. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barcin da ba ya tashi, hayaƙin kuma shi kansa yana ƙara tari. Rigar sanyi, hula, safa da bargo sun isa, wanka kuma a bari sai rana ta ɗaga, a shafe su da man kaɗanya. Kullewar ma ba ta da amfani, mura daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, ɗaki rufe ya fi yi mata daɗi. In ƙura ta lafa su fita su yi wasansu, sai dai mai asma a kiyaye shi ranar da hazo ya yi kauri.

Mura tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin tari na kemis kuma ba a ba ƙananan yara. Ruwan ɗumi, da ƙaramin cokali na zuma ga wanda ya wuce shekara 1, sun wadatar. Abin da za ki koya shi ne ƙirga numfashi. Yaro yana kwance ba ya kuka, ɗage rigarsa ki ƙirga ɗagawar ƙirji minti ɗaya cur da agogon waya. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, alamar nimoniya ce, asibiti a ranar. Ki kuma duba katin rigakafinsu, allurar ƙyanda biyu ce, a wata 9 da wata 15, ta biyun ce aka fi mantawa.

Ɗana ɗan shekara 9 yana zuwa wanka rafi da abokansa, yanzu ina ganin jini a ƙarshen fitsarinsa.
Wani uba, Hanwa

Malam, wannan ya yi kama da tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga, daga baya ƙwayayenta su raunata mafitsara. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, in aka bar ta tana jawo ƙarancin jini da lalacewar mafitsara da ƙoda. A kai fitsarinsa gwaji, wanda aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwayayen. Maganinta Praziquantel ne, ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha sau ɗaya bayan an ci abinci don kada ya murɗa ciki. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka wankan rafi da kududdufi ya tsaya, ko Kubanni ne ko wani. Ka sanar da iyayen abokan nasa su ma a gwada nasu.